Shanun Laka da Ɗan Amana

Jiya da hantsi na tarar da ƙannena biyu, Ummi da Basiru, sun kwaɓa ƙasar bakin rijiya suna mulmulawa, wai saniya suke ginawa. Na tsuguna na duba abin da kyau. Ta gaba kwaɗo ne, ta baya kuma tulu ne da ya faɗo daga kan jaki. Na tambaya ina ƙafa ta huɗu, Basiru ya ce tana ciki, ba ta fito ba tukuna. Ya kuma ƙara da cewa ai aikin ba wani abu ba ne, laka ce kawai da hannu.

Laka ce kawai. Ni Luba, da na shiga sana'ar nan tun haƙorana na gaba ba su gama fitowa ba, ga shi yau ina da shekara goma sha shida, bayana har ya fara ƙara irin na tsofaffi in na miƙe, a gabana ake faɗin haka. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don Basiru da masu kai irin nasa su san abin da ke cikin ginin shanun wasan yara kafin su jefa gidansu cikin tashin hankali, kamar yadda na jefa namu.

Saniyar farko da na gina ta fashe. Ba tsagewa ta yi ba, fashewa, har akuyarmu ta tsinke igiya. Na ɗora ta ne a kan katanga cikin tsakar rana don ta bushe da wuri. Kaka, mahaifiyar Babanmu, wadda ta tsufa tana gina tukwane da tuluna, ta zo ta tsinci kan saniyar a gindin turmi, ta juya shi a tafin hannu, ta ce daga yau ni ce mai kwaɓa mata yumɓu. Na ɗauka girma aka ba ni. Rani guda na yi ina tattaka yumɓu da ƙafa, ina tsince tsakuwa, ban gina ko cokali ba.

A nan na koyi cewa ƙasar bakin rijiya ba ta gini. Yumɓu a fadama yake, kusa da gulbi, kuma ba na sama ba, sai ka kankare wanda ya tsattsage ka kai ga mai santsi. A jiƙa shi ya kwana. A zuba masa dakakken tsingaro, wato fasasshiyar tukunya, ko ɗan ƙaiƙayin gero, don ya riƙe jikinsa. In an gina, a kai ƙarƙashin rumbu inda rana ba ta leƙawa, a bar shi ya bushe a hankali. Kaka so take in gaje ta a tukwane. Da ta ga na karkata ga shanu sai ta taɓe baki.

"Tukunya ana dahwa tuwo cikinta," in ji ta. "Saniyagga taki, mi aka yi da ita?"

Na ce ana ciniki da ita. Ta ce Allah ya shirye ni.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne sai da na sha wuya kafin in san darajarsa. Akwai gwangwanin madara na ruwa. Akwai tsinken tsintsiya na huda ido da hanci, wanda Inna ta daɗe tana mamakin abin da ke cinye mata tsintsiya. Akwai ɓawon kara da nake yanka da shi kamar wuƙa, da wani dutse mai sulɓi da na tsinto a gulbi, shi nake goga jikin saniya da shi har ta yi sheƙi. In farar saniya ake so, irin bokolo mai gajeren ƙaho, toka da ƙaro nake shafawa. In ja ce, irin rahaji, jar ƙasa. Sai ƙaho. A ƙaho sunana ya fita. Ƙayar aduwa nake sokawa a ciki kafin in lulluɓe da yumɓu, in lanƙwasa shi ya tashi sama kamar hannun mai addu'a. Daga unguwarmu har hanyar Sisawa, in yaro ya ga ƙaho ya san na Luba ne.

Masu sayen kayana kuwa, Allah ya ba ka haƙurin zama da su. Babban cikinsu bai wuce shekara tara ba. Biyansu goriba, aduwa, guntun ƙuli, wata rana alewar da aka riga aka tsotse rabinta aka mayar cikin leda. 'Yan mata tukwane ƙanana suke so na wasan girki. Maza kuwa bijimi, mai tozo kamar tudu, don su je su gwabza da na abokansu har ƙahon ɗaya ya karye. Wanda nasa ya karye ya yi kuka, ya share majina, ya dawo wurina da sabuwar goriba. Ban taɓa hana su faɗan ba. Mafi hatsari su ne 'yan shekara biyu, waɗanda ba su san bambancin saniya da tuwo ba. Akwai wata da ta cinye bijimi guda har wutsiya, uwarta ta zo gidanmu da mayafi a ɗamare. Na ce mata ni dai gini aka ce in yi, ba a ce mini ci za a yi ba. Ranar na sha rankwashi biyu, ɗaya na Inna, ɗaya na Kaka.

Duk wannan wasa ne in aka kwatanta da shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba. Fadama ta bushe ta daddare, sai na haƙa rami har gwiwa kafin in samu yumɓu mai kama hannu. Sana'ar motar kara ta wasan yara da nake haɗawa a gefe ta mutu murus, don Baba ya tattara duk karan gona ya ɗora a kan rumfa saboda dabbobi, ya ce duk wanda ya zare ko sille ɗaya shi ma a turke zai kwana. A shekarar ce aka kawo mana Sambo.

Uwarsa Dado Bafulatana ce daga rugar bayan gari. Tun kafin a haife ni take kawo wa Inna nono tana karɓar gero, har suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Da ciyawa ta ƙare, mutanen rugar suka ɗaure kaya za su yi kudu da shanu tun lokaci bai yi ba. Sambo kuwa, ɗan shekara huɗu ko biyar, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, ƙafafunsa kamar tsinken da nake huda ido da shi. Ba zai iya tafiyar ba. Dado ta kawo shi da 'yar ƙwaryarsa da riga biyu, ta ce in sun samu wurin zama, shi ma ya yi ƙwari, za ta dawo ta ɗauke shi. Ta fita da sauri ba ta waiwayo ba.

Inna ta tara mu a tsakar gida. "Yaron ga amana na," ta ce. "In ko ƙaya tas soke shi, ban san da wane ido za ni duban Dado ba."

Sambo bai yi kuka ba, kuma da ya yi da ya fi mana sauƙi. Bai magana, Hausarsa ma kaɗan ce. Fura kawai yake sha, ya je bakin zaure ya zauna yana kallon hanya. Sau biyu aka waiwaya babu shi, aka tsinto shi a ƙarshen gari yana bin sawun shanu. Baba ya ce a riƙa rufe ƙofa. Inna ta tambaye shi ta ina za a rufe ƙofar gidan da masu ɗiban ruwa da masu aron turmi da abokan cinikin Luba ke shiga da fita kamar tasha. Daga nan ta juyo kaina, ta ce tunda na iya ruɗin 'ya'yan mutane da laka, to ga aiki ya samu: in zaunar da yaron nan a cikin gida.

Rahajin da na gina wa Sambo ita ce saniyar da ta fi kowace kyau a tarihin garinmu. Na goge ta da dutse har ina ganin fuskata a cinyarta. Ƙahonta kuwa, da za a kai ta kasuwar Goronyo da dillalai sun taya. Na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallo, ya shafa wuyanta da ɗan yatsa, ya ce, "Nagge." Wato saniya da Fillanci, kalmarsa ta farko ke nan a gidanmu. Inna ta sa mini albarka. Na yi ta yawo a tsakar gida ina jin kaina kamar likita.

Washegari da safe babu Sambo, babu saniya.

Na same su a bayan katanga. Ya tsayar da ita a kan wani ɗan guntun ciyawa, shi kuma ya koma gefe ya tsuguna. Na ce a raina, to, ba ta yi masa ba, ya fito yar da ita ne yana jin kunya. Na kwaso su na dawo, yana ta turjewa. Na gina masa fara. Da safe ya kwashi ja da fara ya fice, wannan karon har gaban rijiyar unguwa. Kaka ta ce tozon ne ya karkace, yaron ya san saniya. Na gyara tozo. Inna ta ce in ƙara masa da yawa, in sun yi yawa wasa zai ɗauke masa hankali. Na ƙara. Ya riƙa loda su a ƙwaryarsa yana ɗorawa a ka. Ranar da suka zama garke sosai, a bakin lambunan albasa na kamo shi.

Kaina ya ɗaure tamau. Na zauna na yi ta lissafi. Ko dai sayar da su yake yi a ɓoye? Na bi yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya ina duba aljihunsu, ban ga ƙahona ba. Ko wata maginiyar ta ɓullo a gari yana kai mata ta kwaikwaya? Har na fara harar wata yarinya da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Ko aljanu ne? Na faɗa wa Kaka, ta ce aljanin da zai damu da shanuna ba shi da aikin yi. Abin da ya fi rikita ni, in da hantsi ka kamo Sambo sai ya ƙame kamar jaki a bakin kwalbati, amma in rana ta yi sanyi, kana zuwa zai tattara shanunsa ya biyo ka salin-alin, har yana yi musu wani ɗan sauti da harshe. Na ga wannan da idona kullum, ban gane komai ba. Ni dai abin da na sani, duk saniyar da na ƙara, tafiyarsa sai ta ƙara nisa, ni kuma maganin da na sani shi ne in ƙara saniya.

Bijimin ɗan maƙwabcinmu nake yi wa tozo ranar da abin ya faru. Ranar kasuwar Goronyo ce, Baba ya tafi da albasa tun da sassafe. Inna na daka. Na ajiye Sambo kusa da ni, na ce wa Ummi ta sa masa ido, ita kuma ta ce wa Basiru, shi kuma Basiru ya sa wa ƙadangare ido. Da na ɗago kai, rana ta take tsaka, babu yaro, babu ƙwarya.

Bayan katanga babu. Rijiya babu, sai da na leƙa cikinta. Lambunan albasa babu, masu ban ruwa suka ce ba su lura ba. Inna ta fito da hijabi a bai-bai, ƙafa ba takalmi, tana shiga gida-gida. Ban taɓa ganin Inna ta fita ba takalmi ba. Kaka ta tsaya a bakin zaure tana salati. Ni kuma na bi ta bayan lambuna ina gudu ban san inda na nufa ba, sai na taka wani abu ya soke ni. Na duba, ƙayar aduwa ce a cikin jan yumɓu. Ƙahon rahajina. Kuma hanyar da yake kai gulbi kawai take zuwa.

Gulbi da rani ya janye, amma akwai gurabe masu zurfi inda masu lambu ke jefa tiyon injin. Babba ma in ya zame a wurin sai an taimake shi. Gudun da na yi ranar, da mota ce da an tsayar da ni.

Na hango shi a bakin ruwa. Ya jera shanun nan kaf a gaɓa, kowace ya tura bakinta cikin ruwa. Tsakaninsa da zurfin ruwan, wani tsoho ne a zaune, Bafulatani mai malafa, ɗaya daga cikin waɗanda ba su bi ƙaura ba, ya miƙe sandarsa a gaban yaron kamar shinge, nasa tsofaffin shanun uku na sha a gefe. Na zube a yashi. Da numfashina ya dawo na gaishe shi.

Ya nuna shanun da haɓa. "Ke kinka gina su?"

Na ce ni ce, Baffa. Har na ɗan gyara zama, ina jiran yabo.

"Kuma ke kinka ba shi?"

Na ce e, don ya zauna gida.

Tsohon ya dube ni kamar ya ga akuya na karatu. "Kin ba ɗan Hillani shanu, kina son shi zamna gida su mutu da yunwa? Da sahe kiwo, da rana mashaya, da marece gida. Yaron ga ba gudu shika yi ba, ɗiyata. Aikinai shika yi."

Wato duk kwanakin nan ni ce nake tura shi daji. Ciyawar bayan katanga ta ishi saniya ɗaya, garke kuwa sai an nausa. Ina cikin wannan tunani sai na ga wani abin: yumɓun da ba a gasa ba ba ya shiri da ruwa. Kawunan shanuna sun fara narkewa. Ƙaho na zubewa ɗaya bayan ɗaya, ƙayoyi na tasowa suna yawo a kan ruwa. Sambo ya ɗago rahajin, ya ga ba ta da baki.

Na ce, "To Baffa, mi za ni yi? In na hana shi shanu, hanya shika bi, in na ba shi, gulbi shika zuwa."

Ya ce a ruga ba a ba mai shekarun Sambo manyan shanu. Maruƙa ake bar masa, su kuwa ba sa zuwa kiwo, a gida suke yini. Ya tashi ya kaɗa shanunsa, ya ce in gai da mutanen gida.

Na goyo Sambo, ƙwaryar shanu marasa kai a hannuna. Inna ta tare mu a bakin gari. Ba ta yi faɗa ba, ta dai karɓe shi ta shafa shi tun daga kai har tafin ƙafa, ta sake shafawa, sannan ta ce daga yau in ta ƙara ganin saniyar laka a gidan nan, ni da saniyar za mu kwana a waje. Sai da Kaka ta sa baki kafin aka yarda in gwada maruƙa.

Maraƙin farko ya tona mini asiri. Shekara da shekaru ina sana'a, ban taɓa gina maraƙi ba, don ba yaron da zai ba da goribarsa a kan abin da ba ya faɗa. Na yi abin da na iya: na gina saniya, na rage mata girma. Sambo ya karɓa tun tana ɗanya, ya duba, ya sa yatsa biyu ya ɓalle ƙahon. Ƙahona. A gabana. Ya danne tozon da babban yatsa har ya kusa shafewa, ya ja ƙafafun suka yi tsawo, ya ja kunnuwan suka yi fato-fato. Na ce wa Kaka ta ga yadda ake wulaƙanta masana. Kaka ta ce ita dai yanzu ta fara ganin abin da ya yi kama da dabba.

Na haɗiye, na gina sauran a kan yadda ya nuna. Suka bushe a ƙarƙashin rumbu, Inna na gadin ƙofa kamar soja. Ranar da na miƙa masa su, ya zuba a ƙwarya, ya tsaya a tsakar gida yana dube-dube. Ya dubi ƙofa. Na ce shi ke nan, tsohon nan ma bai san komai ba. Sai ya wuce wurin da Kaka ke ajiye kaba, ya zaro ɗaya, ya shimfiɗa ta a ƙasa a miƙe, ya jera maruƙan a gefenta, ya ɗago yana kallonmu.

Na ce ko tabarma yake so a saƙa musu. Ummi ta ce ko abinci ne. Basiru ya ce maciji ne. Kaka, wadda ta sha kai tukwane ruga, ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Dangwali shika so." Ta bayyana mana cewa doguwar igiya ce da ake kafewa da turke biyu, a jikinta an yi zarge-zarge, kowane maraƙi da nasa a wuya, a nan suke yini har iyayensu su dawo.

Yinin ranar gidanmu ya koma ruga. Kaka ta tsage kaba ta murza igiya a cinyarta, siririya kamar zaren buhu. Ni na ƙulla zargen. Ummi ta kifa fasassun sakaina ta ce bukkoki ne. Basiru aka sa shi shinge da tsakuwa, ya yi shi a karkace. Inna da ta rantse ba ruwanta, sai ga ta da murfin kwalba wai ƙwaryar tatsa. Turke ne ya gagara, tsinke ya ƙi tsayawa. Baba ya dawo daga gona, ya tsaya yana kallonmu, ya ce manya da yara duk an rasa mai hankali. Ya shiga ɗaki. Can sai ya fito, ya miƙa hannu kan rumfa, ya zaro kara guda daga cikin karan da ya ce ko sille ba a taɓawa, ya yanka gida biyu, ya fiƙe, ya kafa da kansa. Ni dai na dube shi, shi kuma ya dubi sama.

Sambo ya ɗaure maruƙansa ɗaya-ɗaya, harshe a waje don ƙwazo. Da ya gama sai ya kama ragowar igiyar a ƙarshe ya miƙo mini. Na ƙulla wani zargen. Ya girgiza kai, ya buɗa hannu: babba. Na ƙara. Ya ce babba. Na ce to, maraƙi babba yake so. Na kwana biyu ina gina wani, ya ture shi. Na gina wanda ya fi shi, mai girman kyanwa, wanda ya cinye mini yumɓun mako guda. Ko kallonsa bai yi ba. Na koma gefe na riƙe kai. Ga zarge babu dabba, ga dabba babu mai so. Na fara tunanin ko in koma tallan gyaɗa.

Da la'asar, lokacin da shanun gari ke dawowa ana jin kukansu daga nesa, Sambo ya zo ya zauna a ƙarshen dangwalin. Ya zura ƙafarsa cikin babban zargen, ya ja shi daidai idon sawu, ya juya fuskarsa ga ƙofa.

Na matsa kusa da Kaka na ce mi yaka yi haka.

Kaka ba ta daina murza igiyar da ke cinyarta ba. "Saniya in tat tahi kiwo, ba don gida taka komowa ba, don ɗanta na. Inda anka ɗaure shi, nan taka zuwa. Shi ya sani."

Na koma na ci gaba da kwaɓa yumɓu, ko da yake ba wanda ya ba ni aiki.

Daga ranar Sambo bai ƙara wuce zaure ba. Da safe ya kwance maruƙansa ya kai su inuwar rumbu, ya ba su dusa a murfin kwalba, ya kore kaji. Ya fara cin tuwo, ya fara zagin Basiru da Hausa mai kyau. Amma kullum rana ta yi sanyi, ko me yake yi zai bari, ya je ya sa ƙafa a zarge. In an kira sallar magariba Inna ta je ta cire masa, ta ɗauke shi. Ni aikina ya koma gyaran kunnen da ya ɓalle da ƙafar da kaza ta taka.

Dado ta zo wata la'asar, gab da faɗuwar ruwan farko, ta rame ta yi baƙi, ƙwarya a ka. Ta yi sallama, Inna ta saki muciya. Duk muka juya ga Sambo, muna jiran ya ruga.

Bai tashi ba. Yana zaune, ƙafa a zarge, jikinsa na ɓari tun daga kafaɗa, idonsa a kanta, amma ko motsi. Inna ta ce, "Sambo, ga innarka." Na ga fuskar Inna ta canza, na san abin da take tsoro: ko ya manta ta, ko ya yi fushi, ko za a ce mun mallake ɗan mutane. Ni ma kaina ya sake ɗaurewa, har na fara tunanin ko wata dabbar ce kuma ban gina ba.

Dado ta dubi maruƙan. Ta dubi igiyar, ta bi ta da ido har ƙarshe. Ta sauke ƙwaryarta a hankali, ta taka ta durƙusa a gabansa, ta yi wannan ɗan sautin da harshe, irin wanda yake yi wa shanunsa. Ta sa yatsa ta sassauta zargen, ta zare ƙafar.

Karon da ya kai mata da ka, sai da ta zauna daɓas a ƙasa.

Washegari suka tafi. Ya kwashe maruƙansa duka a ƙwarya, ya naɗe dangwalin da kansa ya cusa a aljihu. Ƙaton nan mai girman kyanwa kawai ya bar mini, shi ne har yau muke tokare ƙofar kicin da shi, kuma duk baƙon da ya tambaya wace dabba ce sai in ce aikin Basiru ne.

Saboda haka, Basiru, ka je fadama ka samo yumɓun kirki, ka fito da ƙafa ta huɗun nan daga inda ta ɓuya. In kuma ka gama, kafin ka miƙa wa yaro saniya, ka tambaya ɗan wane gida ne.